Ledar da Ta Zo da Wuri

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aikin da ya hana ki leƙo mu. Mu nan lafiya gwargwado. 'Yan biyu sun koma makaranta. Ɗaya ya ɓatar da takalminsa tun makon farko, ɗayan ya rantse bai san komai ba, alhali girman ƙafarsu ɗaya. Yayarki tana gaishe ki. Ta ce ta ga hoton da kika turo, kin rame, ki daina rayuwa a kan shayi da biskit.

Na san za ki yi mini dariya, a zamanin nan mutum yana rubuta wasiƙa. Ki yi. Gidanmu ƙarami ne, kunnen yayarki kuwa kin san shi. Ke kuma duk lokacin da na kira, wayarki tana kulle a durowa a wajen ɗakin da kike haɗa magani. Ban da haka, a waya ina manta rabin abin da na shirya faɗa. Da biro na fi iya magana.

Kin riga kin ji cewa an karɓi yayarki a gwajin sabon maganin dajin hanji. Abin da ba ki ji ba shi ne yadda abin yake zaune a raina. Likita ya yi mana bayani, na kuma rubuta a littafina da na dawo gida don in tabbatar na gane. Kowa yana samun maganin da aka saba bayarwa. A kan wannan sai a ƙara leda ta biyu ta ƙarin ruwa. Rabin mutane sabon magani ne a ciki, rabi ruwan gishiri ne zalla. Kwamfuta ce ta raba. Likita bai san na wa ne wanne ba, nas ba ta sani ba, mu ba mu sani ba. A asibitin nan kaf mutum ɗaya ce ta sani, mai irin aikinki, ƙwararriyar mai haɗa magunguna da aka ware wa gwajin. Tana ƙarshen baranda a bayan wata ƙaramar taga, shi ya sa masu zaman jira a benci suke kiranta Mai Taga.

Ranar farko ta sa mun kawo duk wani magani da ke gidanmu. Na jera su a kwalin takalmi, kowanne da ɗan rubutu a jikinsa. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi wa yake sha, tun yaushe. Da ta zo kan ƙwayoyin ganye da abokin aikina ya kawo don ƙara ƙarfi, ta ture su gefe.

"Wannan ya zauna a wajena," in ji ta. "Yana iya wahalar da hanta, mu kuma mu ɗora wa maganinmu laifi."

Yayarki ta ce, "Riƙe shi har abada. Daman warin akuya yake yi."

Ledar ta biyu tana zuwa ne sanye da wata baƙar riga, har bututun ma a rufe yake, don kada a ga launin ruwan. Ina zaune ina kallon wannan riga, Auta, sai in ji kamar an ba ni tikitin mota ba a rubuta inda za ta ba. Shekara ashirin ina tsara jadawalin motocin bas a kamfaninmu. Ban saba da abin da ba a gaya mini lokacinsa da hanyarsa ba.

Ki faɗa mini, me kuke yi a bayan tagar nan? Ba ƙorafi nake ba. So nake in gane.

Naku,
Baban 'yan biyu

*

Zuwa ga Baban 'yan biyu, sarkin jadawali,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ban kuma rame ba, kyamara ce. Ka gaishe mini da Yaya, ka ce na ji saƙonta, na ƙara burodi a kan biskit ɗin. Ka duba ƙarƙashin gadon wanda ya rantse, takalmin yana can.

Kwalin takalmi da rubutu a jikin kowane magani! Wallahi da duk mazajen marasa lafiyarmu irinka ne, da na riƙa tashi aiki da rana tsaka. Yaya ta yi dace, duk da dai ni ba zan iya zama da mutumin da yake rubuta lokacin da aka buɗe gwangwanin madara ba.

Ka tambayi aikinmu. Kafin a soma gwaji, ni nake karanta littafin ƙa'idarsa daga bango zuwa bango, in ga ko asibitinmu zai iya. Maganin idan ya iso, ni nake karɓarsa, in duba ko sanyinsa ya tsaya daidai a hanya. Firjinsa daban yake, makullin yana wuyana. Ranar da mara lafiya ya zo, ina duba nauyinsa, ina duba sakamakon jininsa, ina sake lissafin abin da likita ya rubuta. Idan ban gamsu ba, ba na saki, ko da likitan zai tsaya a kaina yana huci. Sun saba. Wani ma yanzu gode mini yake yi.

Haɗa sabon magani kuwa aiki ne na haƙuri. Irin wanda muke gwadawa a nan, sai an fito da shi daga firji ya huce, a zuba masa ruwa a hankali ta gefen kwalba, ba a girgiza shi don kada ya yi kumfa, a jira ya narke. Sannan wani ya sake duba duk abin da ka yi. Ruwan gishiri kuwa ai a shirye yake zuwa, ka manna masa suna ka sa masa riga, shi ke nan. Wani lokacin ina kallon ledoji biyu a kan tebur, sak iri ɗaya, ni kaɗai na san wadda ta sha mini wahala.

Mai Tagar taku ta burge ni da ta ƙwace ƙwayoyin akuyar nan. Kuna hannu mai kyau. Kada ka tambaye ta abin da ke cikin rigar, ba za ta faɗa ba, kuma za ka sa ta jin nauyi a banza. Ka tuna Yaya tana samun cikakken maganin da aka sani. Ba wanda ya bar ta hannu wofi.

Zan tsaya nan. Ana tura ni wani reshen asibitinmu in taya su shiri, masu binciken gwaji za su zo musu, takardunsu kuwa sai addu'a.

Ƙanwarku,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya reshen da aka tura ki? Takalmin yana ƙarƙashin gado, kamar yadda kika ce. Ban tambayi yadda kika sani ba.

Yayarki da sauƙi sosai. Kwana biyu bayan ƙarin ruwa takan kwanta da gajiya, yatsunta suna yi mata sanyi, daga nan sai ta miƙe. Ta koma kan keken ɗinkinta, ta karɓi kayan makaranta na yara masu yawa duk da na hana. Na kuma gyara mana tsarin zuwa asibiti. Da can sai mu isa da sassafe, a ɗebi jini, mu yi ta zaman jiran sakamako. Yanzu na roƙi nas, muna biyawa ranar jajibirin zuwanmu da yamma a ɗebi jinin. Na canza mana mota ma, na samo wadda take ajiye mu a ƙofar baya, kusa da lif. Yayarki ta ce wannan ne karo na farko da aikina ya amfane ta.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki biro. Na karanta wasiƙarki sau da yawa, wurin da kika ce sabon magani yana ɗaukar lokaci, ruwan gishiri kuwa a shirye yake zuwa. Ban yi niyyar komai ba, amma kin san idona da agogo. Na soma lura da tsawon jira, daga lokacin da mutum ya zauna a kujerar ƙarin ruwa zuwa lokacin da leda mai riga ta iso.

Akwai wani dattijo a gwajin, tsohon makanike, ana kiransa Mai Hula domin ba ya cire ta ko a kan sikeli. Kullum ledarsa tana daɗewa, har ya yi gyangyaɗi ya farka ba ta zo ba. Ƙuraje sun feso masa a hannu da wuya, yana nuna wa kowa kamar lambar yabo. "Ni dai na gaske ake ɗura mini," in ji shi. "Ruwan gishiri ba ya yi wa mutum ado."

Yayarki ba ta da ƙurji ko ɗaya. Kuma zuwa biyu na baya, ba mu gama gyara zama ba ledarta ta iso. Zuwan farko-farko ta daɗe, amma ina ganin lokacin ana cike-ciken sabon shiga ne.

Na san karatuna sakandare ya tsaya. Na san ina iya yin kuskure, na kuma gaya wa kaina haka. Amma a wurin aikina, motar da ta iso tasha da wuri fiye da ƙa'ida, akwai tashar da ta tsallake. Ban taɓa ganin ta zo da wuri a banza ba.

Na yi tambaya a wani asibiti a ɗaya gefen gari. Suna da nasu gwajin, kowa yana samun maganin, an san sunansa, ba riga ba rufi. Sai dai ba sa ɗaukar wanda yake cikin wani gwajin. Sai ta fita daga wannan tukuna, kuma wanda ya fita ba ya dawowa.

Auta, 'yar'uwarki ce, ciki ɗaya. Ke da Mai Taga aikinku ɗaya. Ki nemi lambar sashensu ki kira ta, ki yi mata magana da harshenku. Ba sai ta faɗa ƙarara ba. Ko numfashi ta ja za ki gane. Ban gaya wa yayarki komai ba, don ba na so in tayar mata da hankali kafin in tabbatar.

Naku,
Baban 'yan biyu

*

Auta,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Yayarki ta ɗan yi tari, ya wuce.

Na jira amsarki ba ta zo ba. Kullum idan na dawo aiki sai na buɗe akwatin wasiƙu na ginin nan, har mai gadi ya soma ce mini ko budurwa na yi. Na yi ta juya shirun naki. Da na yi kuskure, na san ki, da tuni kin rubuto kin wanke ni tas, kina dariya. Tunda kin yi shiru, na ɗauka kin ga abin da na gani, kin rasa yadda za ki faɗa mini. Ban ga laifinki ba.

Akwai abin da na yi wanda ban tabbata daidai ne ba. A zuwan da ya wuce ledar ta sake isowa da wuri, Mai Hula ya ga ina duba agogo, ya tambaye ni. Na gaya masa. Kafin a gama ƙarin ruwan, benci duka ya ji. Yanzu kowa wayarsa a hannu yana auna jira. Wata yarinya da take kawo mahaifiyarta ta fita baranda tana kuka, domin tasu ma ba ta daɗewa. Na ji ba daɗi. Amma na ce wa kaina, gara mutum ya sani.

Ɗaya asibitin sun ce suna da gurbi guda, za su riƙe mana shi zuwa ƙarshen wata. Na ba da suna. A zuwa na gaba zan gaya wa likita muna janyewa. Yayarki zan gaya mata da safen ranar, a cikin mota, don kada ta kwana da abin.

Idan kina da magana, yanzu ne lokacinta.

Baban 'yan biyu

*

Baban 'yan biyu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, sai dai raina a ɓace yake, rabi da kai rabi da kaina.

Jiya na dawo daga reshen can, na tarar da wasiƙunka biyu a ƙasan ƙofa. Shiruna ba amsa ba ne, ba na gida ne. Na gaya maka za a tura ni! Nan take na kira wayarka, Yaya ta ɗauka, wai kana wanka. Sai da na yi hira da ita a kan tsadar zare, bakina yana ƙaiƙayi. Na turo wannan ta masu kai saƙon gaggawa, ka karanta kafin ka taka ƙofar asibitin nan.

Laifina shi ne na ba ka rabin magana ina sauri. Gaskiya ne ruwan gishiri ba ya ɗaukar lokaci. Kana tsammani mu ba mu san haka ba? Kana tsammani kai ne mutum na farko mai agogo da ya zauna a benci? Idan na gama ledar ruwan gishiri, ba na miƙa ta. Ajiye ta nake yi, in saita agogo, in jira daidai tsawon lokacin da maganin gaske zai ɗauka. Ina buɗe firji in rufe don a ji ƙararsa. Ina sa rigar aiki da safar hannu in shiga ɗakin haɗi, ko da ba abin da zan haɗa. Wannan zaman banzan yana cikin aikina, a rubuce yake a ƙa'idar gwajinmu, kuma zan yi mamaki idan babu irinsa a taku. Ƙurajen Mai Hularka kuwa, maganin da aka saba bayarwa ma yana kawo su. Na ga masu ruwan gishiri da ƙuraje har fatar kai, na ga masu maganin gaske fatarsu sumul.

Ban san dalilin da ya sa ledar Yaya take zuwa da wuri ba. Akwai dalili, kuma Mai Taga ta san shi. Je ka tambaye ta wannan, shi kam za ta amsa.

Ba zan kira ta ba. Kada ka ɗauka ban so ba. Tun ranar da Yaya ta shiga gwajin nan na nemo lambar sashensu, tana cikin wayata, na kalle ta sau ba adadi. Amma na san abin da zan ce da wata za ta kira ni a kan yayarta. Idan mutane suka soma sanin abin da ake ba su, masu ruwan gishiri su watse, likita ya soma kallon wasu da ido daban, a ƙarshe ba wanda zai san ko maganin yana aiki. Wahalar da Yaya ta sha, da ta Mai Hula, da ta uwar yarinyar nan, duk ta tashi a banza. Idan kuwa wata rana ran Yaya yana cikin haɗari, likita yana buƙatar sani don ya cece ta, akwai hanyar buɗewa nan take, ba sai an roƙi kowa ba.

Ban ce maka maganin gaske take samu ba. Ban sani ba. Ban kuma ce ɗaya gwajin ba shi da kyau ba, sai dai sanin sunan magani ba shi ne sanin amfaninsa ba, shi ma gwada shi ake yi.

Abu na ƙarshe, shi ya fi ba ni haushi. A cikin mota za ka gaya mata? Hannun wa ake sokawa da allura, naka ko nata? Wa ya sa hannu a takardar yarda? Yau ɗin nan ka gaya mata. Idan ba ka yi ba, gobe ni zan kira, kuma ba hirar zare zan yi ba.

Ƙanwarka duk da haka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin huce. Mu nan lafiya. Nauyin yayarki ya ɗan ƙaru, nas ta yaba. 'Yan biyu suna jarrabawa.

Wasiƙarki ta same ni a wurin aiki. Na karanta ta a tsaye, na koma na zauna na sake karantawa. Da na isa gida na tarar da yayarki a kan keke tana kafa aljihun wando. Na ja kujera na faɗa mata komai, tun daga agogo har gurbin da na sa aka riƙe. Ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen layi. Ta yanke zare da haƙori.

"Shi ya sa kake ta kallon hannunka kamar mai jiran jirgi," in ji ta. "Na ɗauka agogon ne ya lalace. Gobe za mu je wajen matar nan, da bakinka za ka maimaita."

Washegari ba ranarmu ba ce, amma muka je. Mai Taga ta leƙo, ta gan mu, ta zagayo ta buɗe mana wani ɗan ɗaki mai kujeru uku da sikeli. Na yi mata bayani. Ba ta katse ni ba.

"Ashe kai ne," in ji ta. "Mako biyu ke nan duk wanda na miƙa wa nas ledarsa sai in ga ya duba waya. Na ce ko wani wasa aka fito da shi." Ta gyara zama. "Daga yaushe kake fara ƙirga jiran?"

Na ce daga lokacin da ta zauna a kujera.

"Ni kuma daga lokacin da likita ya sa hannu nake farawa. Ba ya sa hannu sai ya ga sakamakon jini. Yawancin mutane da safe ake ɗibar jininsu, su zauna a kujera sakamako bai fito ba, sai jiransu ya zama biyu, na jini da nawa. Ku kuma wani mai tsari ya roƙi a riƙa ɗibar naku tun jajibiri. Likita yana ganinta yake sa hannu. Kafin ku gama da nas, ku hau sama, ku sami kujera, ni na yi nisa. Mahaifiyar yarinyar nan ma haka take yi, don gidansu kusa ne."

Auta, na rasa inda zan sa idona. Ni na gyara jadawalin da hannuna, na zo ina tuhumar mota da tsallake tasha. Yayarki ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Na yi ƙarfin hali na ce, "To ke nan na gaske ake ba ta?"

Fuskar matar nan ba ta motsa ba. "Ban ce ba. Na gaya maka dalilin da ya sa ledar take zuwa da wuri, iyakar abin da na gaya maka ke nan. Yana iya zama magani, yana iya zama ruwan gishiri." Ta juya ga yayarki. "Hajiya, fita haƙƙinki ne, yau ko gobe, ba wanda zai canza miki fuska, kuma maganinki na kullum ba zai tsaya ba. Idan kina son jin yadda ɗaya gwajin yake, zan haɗa ki da likita ku duba shi tare. Sai dai dole in sanar da masu gwajin abin da ya faru a benci, in kuma zauna da mutanen ɗaya bayan ɗaya."

Na ce a bar ni in fara yi musu magana, tunda ni na ɓata. Ta ce to, amma tana tsaye a wurin.

Yayarki ta ce ba ta buƙatar ganin likita. Ta dube ni.

"Baban 'yan biyu, ranar da aka ba mu takardar nan, kai kana duba lokacin motar komawa, ni ina karantawa. Rabi da rabi, na gani da idona, na sa hannu. Ba yaudarata aka yi ba. Matar nan ta san nauyina, ta san hantata, ranar da yatsuna suka yi sanyi ita ta kira likita aka rage mini magani kafin in buɗe baki. In bar ta in tafi inda za a fara tambayata sunana? Kuma cutar nan ta kama babarmu, ta kama ni. Ina da 'ya'ya, ina da ƙanwa. Ina so wani ya san amsar, ko ba ni ba. Ina nan."

Na ce idan kuma ruwan gishiri ne fa?

"To na sha gishiri. Tashi mu tafi, ina da wanduna."

A ranar ƙarin ruwa na tsaya gaban benci na janye maganata, Mai Taga tana gefe. Na faɗa duka. Yarinyar nan ta ce daman mahaifiyarta ta ƙi fita, har sun yi faɗa a gida saboda ni. Na ba ta haƙuri. Mai Hula ya ce shi bai yarda ba, nasa na gaske ne, ƙurajensa shaida. Ba wanda ya yi masa gardama.

Da na fito baranda na kira ɗaya asibitin, na ce su ba wani gurbin. Ma'aikacin ya ce in yi tunani, akwai masu jira, idan ya goge suna ba zai iya mayarwa ba. Ya tambaye ni, "Ka tabbata?"

Na ce masa ni ban tabbata ba, amma mai jikin ta tabbata. Ya goge.

Yayarki tana gaishe ki.

Naku,
Baban 'yan biyu